Akawu da Ƙanen da Babu Shi a Littafi

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi yana buga takardu a kotu, kuma taƙamarsa a duniya ɗaya ce: bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa ragewa ba. In alƙali ya yi tari a tsakiyar hukunci, to tarin ne kawai ba ya shiga takarda. Siriri ne, dogo, mai wuya kamar na buta, da tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da baƙin zare. Da aka kawo kwamfuta aka ce ya koya, sai ya ce shi ba ya aiki da abin da ke gyara wa mutum kuskure a bayan idonsa. Ya karɓi fanshonsa, ya rungumi tsohuwar tafiretarsa, ya koma gida.

Gidan kuwa na yayarsa ne. Ya taɓa yin aure sau ɗaya da ƙuruciya. Matar ta zauna wata bakwai, ta gane cewa har duniya ta naɗe miyarta ba za ta kamo ta Yaya ba, ta tattara nata ya nata ta bar masa yayarsa. Bai sake gwadawa ba. Ita yayar, duk unguwa Malama ake ce mata, don ta shugabanci makarantar firamare har sai da ta gaji da 'ya'yan mutane. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu aiki ya kai su nesa. Sai ita sai Akawu: ɗaki biyu, falo ɗaya, da baranda mai kujeru biyu na roba. Ita ta koya masa karatu yana ɗan shekara biyar, ita ke dafa masa, ita ta san inda safarsa take. Namiji ɗan shekara sittin da biyu, gemu ya yi fari fat, amma har yau Auta take kiransa, shi kuma ya amsa ba kunya.

Abin da ya hana shi ruɓewa a ɗaki shi ne shagon hayar littattafai da ke bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Ɗan wuri ne: kanta uku, benci ɗaya, da fanka mai kuka kamar ana yanka ta. Littattafan da suka fi fita su ne na soyayyar zamanin da, zamanin takobi da ayari da ganuwa. A cikinsu ne gimbiya za ta duba duk faɗin ƙasar ubanta ta rasa wanda za ta so sai mai haƙar rijiya. Ko matar sarkin yaƙi, miji ya faɗi a fagen fama, ta ƙyalla ido a kan fursunan da aka kamo daga ɓangaren da suka kashe shi. Ko 'yar alƙali da mai fito, wanda duk abin da ya mallaka kwale-kwale ne mai yoyo.

Littafin haya kuwa ta baya yake fara mutuwa. Bango ya ɓalle, shafin ƙarshe ya bi shi, wata ta rasa abin kunna risho ta yagi na kusa da shi. Sai mace ta kwana uku tana bin gimbiya, ta ƙona girki, ta yi faɗa da miji, ta zo daidai inda mai haƙar rijiya ya buɗe baki zai yi magana, ta tarar babu takarda. Nan aikin Akawu yake. Zai shiga mota ya je babban shago can ɗaya gefen gari, ya aro cikakken littafin, ya buga shafukan da suka ɓace, ya yanke su daidai, ya ɗinke da zare da allura, ya manna bangon kwali. Kalma da kalma. Har kuskuren maɗaba'a yake kwafewa, wai ba shi ya yi ba, ba shi zai gyara ba. Mai Shago, wata mace mai jiki da ba ta tashi daga kujerarta sai dole, ta ba shi ɗan tebur a lungu, kuma kowa ya san abin da ya fito daga tafiretar Baba Akawu ba a yi masa tambaya.

Daga lungun nan yake jin shari'ar da ake yi a benci, wadda ta fi ta kotu zafi. Manyan alƙalan biyu ne: Mai Kitso, wadda duk littafin da ta mayar sai an ga tabon mai da na hawaye a jikinsa, da Nas, wadda ke biyowa in ta taso daga asibiti da farin takalminta.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Nas, "mutumin nan kullum yana cikin rami. Ta taɓa ganinsa a wanke kuwa?"

"Ke kin cika bincike. So ake magana, ba duba marar lafiya ba."

"Son ne zai cire masa laka a farce? Ki bari su yi kwana bakwai a ɗaki ɗaya, ki ga in ba ta nemi hanyar gidan ubanta ba."

"Wallahi ni mai fiton nan, da zai zo yau, da na ajiye wa baban yara mukullinsa na bi shi."

"Ke? Ke da kwatar ƙofar gidanku ma sai an riƙe miki hannu kike tsallakewa?"

Waɗanda ba sa zama a benci, a gefen shafi suke faɗin nasu. Wata ta rubuta "ƙarya ne", wata ta amsa mata a ƙasa "to wa ya ce ki karanta", wata ta zana zuciya, wata ta soke ta. Jan biro kuwa mutum ɗaya ke da shi a unguwar. Malama ba ta bar littafi ya wuce ba tare da ta ba shi maki ba, kamar jarrabawar 'yan aji shida. In an tambayi Akawu ra'ayinsa, sai ya ce shi bugawa yake yi, ba karantawa ba. In an matsa, ya ce ƙarya ce aka yi wa bango: wace gimbiya ce za ta bar bene ta koma bukka? A duniyar da shi ya sani, mai karatu da mai karatu suke zama.

Ana nan sai katifar Malama ta yi rami a tsakiya, aka kira Mai Katifa.

Ya zo a kan keke, da sanda da basilla da ƙunshin zare. Gajere ne, kakkaura, mai dariyar da ke tayar da tattabaru daga rufin maƙwabta. Auduga a gemunsa, auduga a girarsa, auduga har cikin kunne. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan, kuma ko sunansa aka rubuta masa a bango zai wuce bai gaisa da shi ba. Ya farke katifar a tsakar gida, ya zazzage audugar, ya shanya, ya yi ta dukanta da sanda har ta tashi kamar sabuwa. Malama na baranda da littafi. Da ya zauna ɗinki sai ya ce, "Malama, wai me ke cikin abin nan da tun safe kike murmushi ke kaɗai? A ɗan sammana mana." Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ke sa yaro ya tuna laifin da ya yi bara. Shi ko a jikinsa. Sai ta karanta masa shafi ɗaya.

Aikin yini ɗaya ne. Amma bayan mako sai matasan kai suka lalace. Bayan su kujerun falo. Sannan katifar Akawu, wadda lafiyarta ƙalau, aka fitar da ita aka farke yana ji yana gani. Da abin farkewa ya ƙare a gidan, Mai Katifa ya daina zuwa da sanda, ya koma zuwa da wankakkiyar riga. Kullum da la'asar yana kan kujerar roba ta biyu, wadda tun da aka saye ta Akawu ke zama a kai, ya buɗe baki yana sauraro, yana buga cinya, yana yi wa saurayin cikin labarin ihu, "Faɗa mata mana, ɗan'uwa! Me kake jira?" Malama kuwa, matar da ta shekara talatin tana hana yara dariya a layi, sai ga ta tana dariya har tana share ido.

Wata rana tana zuba wa Akawu abinci ta ce, kamar maganar farashin albasa, "Auta, mutumin nan ya ce yana so na. Na ce zan duba."

Cokali ya tsaya masa a hanya. "Wane mutum, Yaya?"

"Mutum nawa ka gani suna zuwa gidan nan?"

"Amma Yaya, ko baƙi bai sani ba. Ke da kika shugabanci makaranta? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka saba. Ci abincinka."

Ya ci, don bai taɓa barin abinci saboda baƙin ciki ba, amma bai ji daɗinsa ba. Kuma a faɗi gaskiya, ba mutane ne damuwarsa ba, ba kuma rashin karatun Mai Katifa ba ne. Mai Katifa yana da gidansa a bayan rumfarsa, can unguwar masu katako. In Yaya ta tafi, wa zai dafa? Wa zai wanke? Wa zai ce masa ya sa rigar sanyi? Ya rasa bakin da zai faɗi wannan, don ko shi ya san ba magana ce da namiji mai furfura zai furta a ji ba.

Washegari Mai Shago ta miƙo masa littafin gimbiya da mai haƙar rijiya, shafi tara na ƙarshe sun tafi. Shi ne kuma wanda Malama ta sa a ajiye mata. Akawu bai shiga mota ba. Ya zauna gaban tafireta, ya zura takarda, ya daɗe yana kallonta. Sannan mutumin da bai taɓa ƙara wa alƙali ko "da" ba ya shiga bugawa daga kansa.

Bai hana su aure ba, yana da wayo daidai nan. Ya bari aka yi, gimbiya ta tare a bukka. Sai ga ɗan aike daga fada, ƙura har gira: ƙanenta da ta bari ya ƙi cin abincin kowa, ya rame, ya kwanta. Kafin ta iso ya cika yana kiran sunanta. Ta yi ta birgima a ƙasa tana cewa da ta sani. Ya ɗinke, ya manna bango, ya ajiye a kan kanta, yana waige-waige kamar ya saci akuya.

Da ya ga rufi bai faɗo masa ba, sai ya ƙara. Matar sarkin yaƙi ma ashe tana da ƙane: bayan ta bi fursunanta, aka riƙa ganinsa yana yawo a kasuwa da yagaggiyar riga, ba mai ɗinke masa. 'Yar alƙali ma haka. Nata ƙanen har ya fi sauran bayani: mutum ne mai natsuwa, mai kyan rubutu, yana da gyambon ciki, ba ya cin yaji, kuma duk duniya yayarsa kaɗai ta san gwargwadon gishirinsa. Littafi biyar ya yi wa haka cikin wata ɗaya. Kowace gimbiya da ƙanenta, kowane ƙane da kabarinsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne benci.

"Jama'a, ku tsaya," in ji Nas, ta ɗaga littafin sama. "Shafi ɗari biyu ba a ce uwarta ta haifi namiji ba. Sai ranar da ta samu miji ya faɗo daga sama?"

"Irinsu ne," in ji Mai Kitso. "Ba sa fitowa sai sun ji ƙamshin daɗin wani."

"Gidan sarki guda! Kuyangi sun fi ɗari, a ce ba mai dafa masa? Ba ciwo ba ne wannan, iskanci ne. A kawo mini shi asibiti, allura biyu zai tashi ya nemi tukunya."

"Ni fa na yi kuka," in ji Mai Kitso, "amma na haushi. Ƙato da shi, hannu biyu, ƙafa biyu. Da ni ce gimbiyar, in je in yi gaisuwa, in sha ruwa, in koma ɗakin mijina kafin rana ta faɗi."

"Na mai gyambon cikin nan ya fi ba ni haushi. Wai gwargwadon gishirinsa! Shi bakinsa a aljihun yayarsa yake?"

Akawu na lungu, allura ta soke shi sau uku. Nas ta juyo. "Baba Akawu, don Allah haka yake a can babban shagon? Duk marubutan nan ƙane ɗaya suka haɗa kuɗi suka saya?"

"Haka yake," ya ce, bai ɗago ba.

Gefen shafukansa kuwa ya cika taf. "Allah ya ƙara." "Mutuwar ma ta yi masa kyau." "Ina ma nawa ƙanen zai karanta." Wani abin mamaki, matan da dā suke rantsuwa cewa gimbiya da mai haƙar rijiya ba za su kai wata ba, yanzu duk sun koma bayansu. Nas da kanta ta ce laka a farce ai wanke ta ake yi, amma ɗan'uwa mai mannewa ba sabulun da ke fitar da shi. A littafin 'yar alƙali, ƙarƙashin maganar gishiri, jan biro ya ja layi biyu ya rubuta: "Wannan bulala yake bukata, ba yaya ba." Ba maki.

A gida Malama ba ta ce masa komai ba. Wadda ta kama hannunka ta koya maka riƙe fensir, ita za ka ɓoye wa rubutunka? Tun littafi na farko ta gane. Abin dariya ya ba ta, ta ce bari ta raba dariyar da mai ita. Da la'asar ta ɗauko na 'yar alƙali ta karanta wa Mai Katifa har ƙarshe, tana ja da murya a wurin gyambon ciki, tana satar kallonsa, tana jiran tattabaru su tashi.

Ba su tashi ba. Mai Katifa ya sunkuyar da kai, hawaye na bin audugar gemunsa.

"Allah sarki, yaron nan."

"Wane yaro? Ƙato ne fa, da gemunsa."

"Malama, ba ki sani ba. Ni ma yayata ce ta raine ni. Ina ɗan shekara tara ta yi aure ta tafi wani gari. Na bi motar da gudu har na faɗi. Wata uku ban san ɗanɗanon abinci ba." Ya share fuska da hannun riga, ya dubi ƙofar ɗakin Akawu, inda inuwar mutum take a bayan labule. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe. "Ni ba zan zama sanadi ba, Malama. Ki yafe mini."

Ta kira shi, ta ce labari ne, ta ce ƙarya ce. Ya ce ai ba a buga ƙarya da inji. Ya ja kekensa ya fita, bai ko hau ba.

To, Akawu ya ci nasara. Mata ashirin sun karanta sun zage shi, yayarsa ta karanta ta yi dariya, mutum ɗaya tak a duk garin ya tausaya wa ƙanen, shi ne kuwa wanda aka yi abin don a kora. Kujerar roba ta dawo hannun mai ita.

Abinci ya ci gaba da zuwa a kan lokaci, har ya fi na da kyau. Riga a goge, safa a naɗe. Sai dai Malama ta mayar da littattafan shago duka, ta sa jan biro a aljihun tebur. Da la'asar takan zauna a baranda, hannu biyu a cinya, tana kallon bango. Ba ta yi masa faɗa ko sau ɗaya ba, shi da ya saba cin abinci da faɗanta kamar miya. Ta kuma daina ce masa Auta. In ta ajiye kwano sai ta tsaya a kansa, cikin ladabin da ya fi mari zafi, ta ce, "Malam Akawu, a ɗanɗana a ji. In bai yi ba a sake. Kada a rame."

Mako uku ya jure. A na huɗu ya fito ya same ta a baranda ta yi barci a zaune, baki a ɗan buɗe, tabarau a hannu. Bai taɓa ganin Yaya ta tsufa ba sai ranar. Ya koma ɗaki ya sa takalmi.

Rumfar Mai Katifa tana bayan masu katako, auduga na yawo a iska kamar an fasa matashi. Akawu ya yi atishawa bakwai kafin ya yi sallama. Mai Katifa ya taso da sauri, ya kakkaɓe masa buhu ya zauna.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Jikin ne? Cikin ne ya tashi?"

"Lafiyata ƙalau. Na zo in gaya maka, ƙanen nan na littafi, babu shi. Ni na ƙara shi. 'Yar alƙali ita kaɗai ce wurin ubanta. Sun yi aurensu, sun haifi 'ya'ya, ya sayi sabon kwale-kwale. Ba wanda ya mutu."

Mai Katifa ya ajiye basilla. "Kai ka rubuta? Da hannunka?"

"Ni."

"To ai ya fi muni, ranka ya daɗe. Da mai littafi ne, sai in ce bai san gidanku ba. Kai kuwa ciki ka faɗa."

Akawu ya gyara zama a kan buhun. Ya zo da shirin a zage shi, bai zo da shirin a yarda da shi ba. Sai ya ji bakinsa na karanto abin da ya haddace a lungu. Ya ce ƙanen nan ƙato ne, hannu biyu, ƙafa biyu. Ya ce ba ciwo ke damunsa ba, iskanci ne. Ya ce irinsu ba sa fitowa sai sun ji ƙamshin daɗin wani, kuma bulala yake bukata. Kalma da kalma ya kawo su, yadda ya saba, bai rage ko ɗaya ba.

"Kai, a'a, kada ka zagi kanka a rumfata," in ji Mai Katifa. "Ga shawara. Akwai ɗaki a bayan nan, inda nake tara auduga. In share maka, mu zauna mu uku."

Akawu ya yi atishawa ta takwas. Da maganar ta je kunnen Malama, sai ta ce ta yi shekara sittin da biyu tana goyo, bayanta ya gaji, in da Auta za a tafi to a bar ta a barandarta. Ranar ce ta fara kiransa Auta kuma, ko da yake ba da shi take magana ba.

Mai Katifa ya ce to shi dai ba zai koma maganar aure ba sai ya gani da idonsa. Ba ya karatu, amma ya san mai iya riƙe kansa in ya gan shi. Akawu ya shiga kicin ya dafa, shi yana zaune, Malama kuma kada ta sa hannu, kada ta sa baki.

Aka sa rana. Malama ta zauna a baranda ta juya baya, ta cusa gefen mayafi a baki. Akawu ya shiga kicin ɗin da ya shekara arba'in yana wucewa ta ƙofarsa. Ya ɗora shinkafa. Ya tsaya a kanta da agogo a hannu, kamar mai jiran alƙali ya shigo. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ƙara ruwa, ya ga ya yi yawa ya kwashe, ya ƙona yatsa, hayaƙi ya rufe masa tabarau. Abin da ya fito a ƙarshe hawa uku ne: ƙasa gawayi, tsakiya kunu, sama tsakuwa. Ya zubo a faranti ya kawo da hannu biyu.

Mai Katifa ya yi bisimilla. Ya ci, ana jin ƙarar haƙoransa daga baranda. Bai bar ko ƙwaya ba, har gawayin ya kankare. Ya sha ruwa kofi biyu, ya tsaya yana sauraron cikinsa.

"To?" in ji Malama, ba ta juyo ba.

"Mutum ba zai mutu da wannan ba, Malama. Zai dai riƙa tunanin mutuwar." Sai dariyarsa ta dawo, har mai sayar da fenti ya taso daga bakin titi ya leƙo.

Bayan wata ɗaya aka yi auren, ba taro, ba hayaniya. Unguwa ta yi maganarta ta gaji. Nas ta ce ba za su kai wata uku ba, shugabar makaranta da mai dukan auduga. Mai Kitso ta ce ita dai ta yi kuka. Sun shekara huɗu yanzu.

Bayan auren da 'yan kwanaki, Akawu ya shiga mota ya je babban shago, ya aro littattafan nan biyar, ya farke ɗinkinsa, ya mayar wa kowace gimbiya ƙarshenta na gaskiya. Ya gaya wa Mai Shago abin da ya yi, yana jiran ta karɓe teburinta. Ita kuwa cewa ta yi wa ya aike shi gyarawa? Tun da ta buɗe shago ba a taɓa rububin littafi kamar biyar ɗin nan ba. Benci ma bai gode masa ba. Suka ce yanzu labarin ya zama salam, an yi aure an haihu, sai me? Mai Kitso ta ce a dawo musu da ƙanen, ko ba komai mutum ya samu wanda zai zaga ya huce haushin na gida. Akawu ya ce ba ya ƙara kalma. Da suka gane ko wane ne ƙanen, kwana biyu suka yi suna jin nauyinsa, a na uku Nas ta tambaye shi yaya gyambon.

Yana nan da ransa. Ya ɗan rame, rigarsa ba ta cika guga ba, shinkafar ta sauko daga hawa uku zuwa biyu. Duk ranar Asabar da hantsi Mai Katifa kan tsaya a ƙofar gidan da kwano ɗaure a bayan keke, ya duba hagu ya duba dama, ya miƙa masa da sauri yana raɗa, "Karɓi, ranka ya daɗe, kada Malama ta sani."

Malama ce ke zubawa.